Kawu da Hoton Ƙoƙon Kai

Mai abu ya karɓi abinsa. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a Batsari bayan 'yar gajeriyar jinya, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Daga Allah muka zo, can kuma za mu koma, wannan ba mai ja. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne, tun masu jana'iza ba su gama wanke hannu ba na fara jin ana ba da labarin wani mutum da sunan Kawu, mutumin da ni ban sani ba.

Ina cikin gida wajen mata, kusa da Inna, matar Kawu, wadda ta shiga takaba. Wata tsohuwa da ta zo daga wajen Tsaskiya ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta ce Allah ya sa ya huta, Allah ya ba da haƙuri. Tana gamawa sai ta matso ta rage murya.

"To abin nan hwa? An fitar da shi daga ɗakin kuwa?"

Inna ba ta ɗago ba. Wata 'yar'uwarmu ta Wagini ta cafe zancen, ta ce ita tunda take ba ta taɓa yarda ta taka ɗakin Kawu ba, don ance idon abin yana bin mutum. Matar mahaucin unguwa ta ce haba, ku ji tsoron Allah, mijinta tun da ya dawo daga maƙabarta bai iya cin abinci ba, ya ce an rasa mutumin kirki. Sai wata daga baya ta ce ai ba wanda ya ce ba mutumin kirki ba ne, amma dai kowa ya san akwai abin da ya taka. Na juya in ga mai wannan baki, ta sunkuyar da kai tana jan carbi kamar ba ita ba. Wallahi ba don zaman makoki ba ne da ta ji ba daɗi.

Abin da suke nufi hoto ne. Takarda ce shafi guda, a cikin firam mai gilashi, rataye a bangon ɗakin Kawu tun kafin a haife ni. A ciki akwai tebur da aka lulluɓe da ƙyalle mai duhu. A kan teburin ga ƙoƙon kan mutum, ba fata ba ido, an naɗa masa zangarniyar alkama. Ga kyandir da aka kashe, hayaƙinsa bai gama tashi ba. Ga agogon aljihu a buɗe, da kofin gilashi a kwance, da lemon tsami da aka fere rabi ɓawonsa yana lilo a bakin tebur, sai furanni iri-iri a cikin tulu. Shi ke nan. Amma ku gaya wa mutumin ƙauye cewa dattijo yana kwana da kan mamaci a bango, ku ji abin da zai ce.

Kawu ya samo shi ne yana saurayi, lokacin da ya yi wa wasu Turawa masu haƙar rijiya tafinta. Mutanen ƙasar Holan ne. Da za su tafi, babban cikinsu ya bar masa kalanda mai hotunan zanen mutanen ƙasarsu na dā, waɗanda aka yi kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce. Baturen nan ya zauna da shi ya nuna masa cewa a irin wannan zane ba a ajiye abu haka kawai, kowane abu saƙo ne. Gara ta cinye sauran shafukan a ƙasan akwati. Wannan kaɗai ya tsira, don shi ya kai Katsina aka sa masa gilashi.

Ni ce mai zama da shi a gaban hoton. 'Ya'yansa ba ruwansu, Inna kuwa kullum idan za ta shiga yi masa shara sai ta fara yafa wa abin tsohon ɗankwali. Ni bakina ba ya shiru tun ina ƙarama, shi kuma yana son mai tambaya. Zai ɗauko tsinken tsintsiya ya nuna.

"Kyandir, rai ne. Iska kaɗan ta ishe shi. Agogo, ba ya jiran kowa ya gama shiri. Kofi, daɗin da aka sha ya wuce. Lemon nan kuwa, duniya ce, 'yar ƙanwata. Dubi launinsa, sai ki ce zinariya. Sa shi a baki ki ji."

"Furannin fa, Kawu?"

"Yawwa, nan wayon yake. Baturen ya ce mini waɗannan furanni ba sa fitowa lokaci guda a ƙasarsu. Wani na farkon shekara ne, wani na ƙarshe. Kamar ki ga ɗanyar masara da mangwaro da sabon wake duk a faifai ɗaya. Ba a taɓa yin wannan tulun ba a duniya. Mai zane yana ce miki kyawun da kike kallo ƙarya ne."

Na riƙe wannan a kaina gam. Bayan wasu shekaru, na yi aure har na fara koyarwa a firamare, na zo gaishe shi na maimaita masa karatunsa ina taƙama. Sai ya ɓata fuska ya ce wa ya gaya mini lemon duniya ce? Na ce kai mana! Ya ce to ya sake tunani. Wataƙila mutumin gwaninta kawai yake nunawa, don ba ƙaramin aiki ba ne ka zana ɓawon lemo har mai kallo ya ji yawu ya taru masa. Furannin kuma, mai yiwuwa Aljanna ake nufi, inda komai ke nuna lokaci guda. Na ce, Kawu, don Allah ka tsaya wuri ɗaya. Ya yi dariya har da tari, ya ce in na sami wurin in kira shi.

Abin da ya fi ba shi dariya, ya kuma fi hana shi sukuni, shi ne masu sayen irin wannan zane. Ya ce attajirai ne, masu jiragen ruwa. Mutum zai biya a zana masa hoton da ke cewa dukiya banza ce, ya rataye a falonsa, ya kira abokansa su zo su ga tsadar abin. "To wa'azi ne ko fariya?" Haka yake tambayata, kamar ni na zana. In na ce wa'azi, ya ce to me ya sa aka ƙawata kofin haka. In na ce fariya, ya nuna mini ƙoƙon kan. Na taɓa tashi na bar masa ɗakin da haushi, ya bi ni da kira wai in dawo in sha fura.

Cutar ba ta tsaya a ɗaki ba. Duk inda ya ga an jera kaya sai ya tsaya karatu. Ran wata kasuwar Batsari ya je ya ƙame a gaban teburin mahauci, wanda matarsa na ambata ɗazu, yana kallon kan rago da wuƙa da ma'auni. Ya daɗe har masu saye suka fara ja da baya, suna zaton wani aibu ya gani a naman. Mahauci ya ce, Malam, in saye za ka yi ka saya, in ba haka ba ka matsa. Kawu ya ce shi wa'azi yake saurara, ga wanda jiya yake tunkuyi, ga abin da ya yanka shi, ga kuma abin da za a auna mu da shi duka. Mahauci ya ce wa'azin ya koma masallaci, nan wurin neman abinci ne. Suka yi ta sa-in-sa har aka taru. Daga wannan faɗa suka ƙulla abota, har ya zama duk ran kasuwa sai an ga Kawu a bencin mahauci suna musu, kuma ba wanda ya taɓa sauka daga kan bakansa.

Akwai abin da ya yi mini da har yau ban san yadda zan ɗauke shi ba. Lokacin da ɗana na fari ya rasu, kowa ya zo ya ce haƙuri, haƙuri, har kalmar ta daina shiga kunnena. Kawu ya hau babur tun daga ƙauyensu ya zo, don lokacin bai dawo Batsari da zama ba. Ya yi addu'a, sannan ya ciro zangarniyar gero guda daga aljihun babbar rigarsa ya ajiye mini a kan tabarma, ya tashi ya fita. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ɗana ya mutu, wannan tsoho ya kawo mini abincin kaji. Sai bayan an watse, ina zaune ni kaɗai, na tuna alkamar da ke naɗe a ƙoƙon kan nan, da abin da ya taɓa ce mini, wai abin da aka binne a ƙasa shi ne yake tsirowa. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar, na kuma sami sauƙi. Da na yi masa godiya daga baya, sai ya dube ni da mamaki ya ce, a'a, ai farkon abin da gonarsa ta yi ne, bai so ya zo hannu rabbana. Ko gaskiya ya faɗa, ko kunya ya ji, Allah kaɗai ya sani.

Maganar tsafi kuwa ta samo asali ne daga shekarar da zaman ƙauye ya gagara saboda ɓarayin daji, mutanen yankinsu suka yi ta kwasowa zuwa Batsari. Babura biyu kawai suka samu. Inna ta fito da kwallayenta da buhun wake, Kawu ya fito rungume da firam. Ɗan acaɓa ya ce ba wuri, ko buhu ko gilashi, don gilashi sai an riƙe shi da hannu biyu. Kawu ya ce a bar buhun. Inna ta zauna a ƙasa ta ce ba inda za ta, tunda an fifita kan kafiri a kan abincin 'ya'yanta. Ya ce mata ƙashi ba a gane addininsa. Ta ce to ya dafa ƙashin su ci. Maƙwabta suna tsaye suna kallo. Haka ya shigo Batsari a bayan babur, ƙoƙon kai yana kallon duk wanda aka wuce. Da ƙura ta lafa aka koma duba gidaje, sai aka tarar an fasa rumbunan maƙwabta, nasa kuwa ba a taɓa ba, har buhun waken yana nan inda aka bar shi. Shi ke nan, magana ta zauna. Ni na san gidansa yana can bayan wani kwazazzabo, ba a hango shi daga hanya. Amma wa zai saurari kwazazzabo alhali ga labari mai daɗi?

Na taɓa tambayarsa me ya sa ya zaɓi hoton. Ya ce wake ana nomawa. Na ce wannan ba amsa ba ce, Inna ta yi kuka. Sai ya ce shi ma da suka kai rabin hanya ya ji bai kyauta ba, amma da za a sake, bai san ko zai canza ba.

Yanzu ga inda muka kwana. Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, taubashina ne, akwai wasa tsakaninmu tun yarinta. Mutum ne mai riƙo da addini, ba ya wasa da abin da ya karanta. Da safiyar sadakar uku ya aiko a kira ni bakin ɗakin Kawu. Na tarar ya sauke hoton ya jingine, ga ashana a hannunsa.

"Zan ƙona shi a ƙofar gida, kowa ya gani, a huta."

"Ka ƙona shi a gaban mutane? Yaya, kanka ɗaya kuwa? Ai ka sa hannu ke nan cewa gaskiya suka faɗa. Gobe jikokinsa za a nuna a ce ga jikokin mai kan mutum."

"In na bar shi ma faɗa za su yi. Kuma hoto ne. Ba na son abin da zai hana wa Baba rahama a ɗakinsa."

"Baban yana ɗakin ne?"

"Ke dai bakinki ba zai mutu ba."

Na ga har yanzu bai ƙyasta ashanar ba, sai na sassauta. Na ce a kira Liman. Liman abokin Kawu ne na shekaru, shi ya yi masa wanka, kuma dama zai shigo gaishe da Inna. Yaya ya yarda, da sharaɗin duk abin da Liman ya yanke shi ke nan.

Aka shimfiɗa wa Liman tabarma a tsakar gida, aka ajiye hoton a gabansa. Mata suka yi cirko-cirko a bakin ɗakuna, har da mai carbin nan. Liman ya ce an ce ni na san karatun abin, to in yi bayani. Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na fara da kyandir lafiya lau. Da na zo kan lemo sai na ce duniya ce, ko kuma dai lemo ne kawai. Furanni ƙarya ce, ko Aljanna. Gaba ɗaya wa'azi ne, amma Kawu ya ce mai yiwuwa fariya ce. Na ji wata ta yi tsaki. Na zo in wanke mutum, na ƙare ina zuba masa laka, don duk mai jina zai ce ko 'yar ƙanwar tasa ma ɓoye wani abu take yi. Hawaye suka zubo mini, na takaici ba na rashi ba.

Liman ya jawo hoton kusa da shi. Ya sa tabarau ya sunkuya. Ya ce shi abin da ya sani, hoton mai rai ake magana a kansa, kuma malamai sun ce in an raba hoto da kansa to hukunci ya faɗi. To ga kai an raba shi da jiki, ga shi kuma ba rai. A cire masa me? Ya dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Liman ya ce a gaskiya bai taɓa cin karo da irin wannan mas'ala ba, Allah ne mafi sani. Yana magana yana kaɗa hannu a kan gilashin don ya kori wani ƙuda da ya sauka a gefen tebur ɗin hoton. Ƙuda bai tashi ba. Ya sake kaɗawa. Ya sa ɗan yatsa ya goga.

"Ikon Allah! Wannan ai a ciki yake."

Muka matso duka. Ƙuda ne sosai, zananne, a kan ƙyallen tebur inda ya fi duhu, da fikafikansa da 'yan ƙafafunsa har da inuwarsa. Na shekara nawa ina kallon hoton nan, ban taɓa ganinsa ba. A ɗakin Kawu ba haske, ba a kuma taɓa fito da abin rana ba sai ran gudu.

Liman ya ce to ga mai rai an samu. Ya ce hoton takarda malamanmu sun sassauta a kai, amma don hankalin Yaya ya kwanta, a cire ƙudan, sauran kuwa bai ga abin ƙonawa ba. Tunatarwa ce, kuma shi da ya wanke mamacin bai ga laya ko guru a jikinsa ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, shi ƙudan me marigayi ya ce yana nufi?

Ban sani ba. Bai taɓa ambatarsa ba ko sau ɗaya. Ko bai gan shi ba ne shi ma, duk tsawon shekarun nan? Ko ya gani ya bar ni in gano da kaina, yana jira, ni kuwa ina ta surutu a kan lemo? Na ji ƙafata ta motsa za ta kai ni ɗakinsa in tambaye shi. A nan ne mutuwar Kawu ta same ni, ba ranar da aka fita da shi ba.

Yaya ya karɓo reza a wurin Inna. Ya ɓalle ƙusoshin bayan firam, ya zaro takardar ya ɗora a gwiwarsa. Mun zaci yanzu zai gama, sai ya tsaya yana kallo. Ina jin ranar ce farkon da ya dubi abin da idonsa ba da kunnensa ba. Ya daɗe. Ba tare da ya ɗago ba ya ce da ni, a hankali yadda mata ba za su ji ba:

"Ni bai taɓa zaunar da ni ya nuna mini ba."

Da wata rana ce da na ce masa ai kai ne ba ka taɓa tambaya ba. Na haɗiye. Ya yanke ƙudan da kyau, ɗan rami kamar ƙwayar wake, ya mayar da takardar ya buga ƙusoshin da dutse. Na miƙa hannu in karɓa in tafi da shi gidana, don na ɗauka iyakar abin da zan samu ke nan. Bai ba ni ba. Ya rungume shi ya nufi zaure, inda maza suke cike, mutanen Safana da na Wagini da na cikin gari.

Na bi shi na laɓe a bayan ƙofa. Na ji hira ta ɗauke ɗif. Na ji ƙarar firam ya jingine shi a bango. Can wani tsoho ya yi gyaran murya.

"Ɗana, mi ne ne wannan ka kawo muna?"

"Abin da kuke ta magana a kai ne. Ga shi, kowa ya duba da kyau. Takarda ce. Da ita Baba yake tuna wa kansa mutuwa. Wanda yake da tambaya ya yi yanzu a gabana."

Ba wanda ya tanka. Ina jin motsin tabarmi, mutane suna matsowa. Har yanzu ban san ko sun yarda ba, ko kunya ce ta rufe musu baki. Ni kaina da za a rantsar da ni in faɗi abin da mai zanen nan yake nufi, ba zan iya ba. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne Kawu bai taɓa roƙon kowa ba sai Allah. Ya Ubangiji ka haskaka masa inda yake kwance, ka yafe masa, ka ba shi amsar da ya yi ta nema.

Sai na ji muryar mahauci, a dishe.

"To wannan ɗan ramin fa? Shi kuma me Malam ya ce yake nufi?"

Yaya ne ya amsa masa.

"Wannan ba na Baba ba ne. Ni na yi shi ɗazu, da hannuna."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Tun da aka yi rasuwar ba wanda ya ga hawayensa, ranar kuwa har cikin gida aka ji kukansa. Liman ya ɗaga murya ya ce a yi wa mamaci Fatiha.